Babbar Jami'a ko Ƙaramar Kwaleji: Zaɓin Mai Niyyar Karatun Likita a Amurka

A Najeriya, yaron da ke son zama likita hanyarsa a miƙe take, ko da yake cike take da ƙaya. Ya ci jarrabawar kammala sakandare, ya samu maki mai tsoka a JAMB, ya shiga Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, bayan shekara shida ya fito da MBBS. A Amurka abin ba haka yake ba, kuma nan ne iyaye ke fara rikicewa. Can ba a shiga makarantar likitanci kai tsaye daga sakandare, in ban da 'yan tsirarun shirye-shirye irin na jami'ar Brown mai shekara takwas. Sai ka yi digirin farko na shekara huɗu tukuna, a fannin da ka ga dama, sannan ka nemi gurbi a makarantar likitanci, wadda ita ma shekara huɗu ce. Maganarmu a nan ta shekara huɗun farkon ce, da inda ya kamata ka yi su.

Idan Bahaushe ya ji kalmar kwaleji, hankalinsa kan tafi makarantar horon malamai, ko ma sakandare irin Barewa. A Amurka kwaleji makaranta ce mai ba da cikakken digirin farko, wanda darajarsa ɗaya da na jami'a, wani lokaci ma shigarta ta fi wuya. Bambancin shi ne ƙanƙanta. Williams da Amherst a jihar Masacuset kowace ɗalibanta wajen dubu biyu ne. Swarthmore a gefen birnin Filadalfiya da Grinnell a jihar Ayowa ba su ma kai haka ba. Galibin irin waɗannan ba su da masu digiri na biyu ko na uku, ba su da asibiti, kuma farfesoshinsu koyarwa ce babban aikinsu. A ɗaya gefen ga jami'ar jihar Ohayo a Kolombus mai ɗalibai kusan dubu sittin, ga ta Mishigan a An Abo mai sama da dubu hamsin, kowace da katafaren asibitin koyarwa da ɗaruruwan ɗakunan bincike. Kowace kamar gari guda take.

Samun shiga kowace daga cikinsu hangen Dala ne kawai, ba shiga birni ba. A 'yan shekarun nan mutum sama da dubu 50 ke neman makarantun likitanci masu ba da digirin MD kowace shekara, waɗanda ake ɗauka kuwa wajen dubu 23 ne. Fiye da rabi ke nan suna komawa hannu rabbana. Masu tantancewa suna duba matsakaicin makinka na shekara huɗu, wanda ake kira GPA, kuma na waɗanda ake ɗauka kan kai 3.7 zuwa 3.8 cikin 4.0. Suna ware makin bayoloji da kemistiri da fizis da lissafi su lissafa shi daban. Suna duba sakamakon MCAT, jarrabawar da ke cin awa bakwai da rabi, makinta daga 472 zuwa 528, matsakaicin masu samun shiga kuma wajen 511 ko 512. Sai wasiƙun shaida daga malamai, da ayyukan da ka yi a gefen marasa lafiya, da bincike, da hira ta baka. Sunan makarantar da ka fito yana da ɗan tasiri, ban musa ba, amma a bayan duk waɗannan yake. Mai 3.9 daga kwalejin da ba wanda ya san sunanta a unguwarku yana gaban mai 3.2 daga jami'ar da kowa ke rantsuwa da ita.

Amma kafin maganar girma ko ƙanƙanta, akwai tambayar da ta fi su nauyi: da wace takarda kake zaune a ƙasar? Idan an haife ka a can, kamar 'ya'yan Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya da suka tashi a Buronks ta Niyu Yok, ko kana da girin kad, ƙofofi a buɗe suke. Idan kuwa da bizar ɗalibi za ka je, to ka ji gaskiya tun kana gida. Mafi yawan makarantun likitancin Amurka ba sa karɓar baƙo. Waɗanda ke karɓa guraben da suke bayarwa kaɗan ne ƙwarai, wasu kuma sai ka nuna ko ka ajiye kuɗin shekara guda zuwa huɗu tun kafin ka fara, ga shi baƙo ba ya samun rancen gwamnatin tarayya. Ban faɗi wannan don in kashe maka gwiwa ba. Na faɗa ne domin abin takaici ne yaro ya kwashe shekara huɗu yana kwana a ɗakin karatu, sai a shekarar ƙarshe ya gano abin da ya kamata a gaya masa tun yana ajin ƙarshe na sakandare. Wanda burinsa kawai ya yi aikin likita a Amurka, yana da wata hanya da 'yan Najeriya da yawa suka bi: ya yi MBBS a gida, ya rubuta jarrabawar USMLE, ya samu shaidar hukumar ECFMG, ya nemi horon ƙwarewa a can. Wanda kuma ya ce lallai digirin farko zai yi a Amurka da biza, ya zaɓi makarantar da digirinta zai amfane shi ko da likitancin bai yiwu ba.

Bayan takarda sai kuɗi. Kuɗin makaranta da ɗaki da abinci a manyan kwalejoji masu zaman kansu ya haura dala 80,000 a shekara, adadin da kan sa uba ya rufe takardar ya ce a bar maganar. Kada a yi gaggawa. Masu arzikin cikinsu suna ba da tallafi gwargwadon buƙatar iyali, har ga baƙi. Amherst da Bowdoin, kamar Harvard da Yale da Princeton, ba sa duba aljihun baƙo wajen ɗaukarsa, kuma idan sun ɗauka suna cike gibin da iyaye ba za su iya ba. Kwalejin Berea a jihar Kentaki ba ta karɓar kuɗin koyarwa daga kowa. Jami'ar jiha akasin haka take. Tana da sauƙi ga ɗan jihar, amma wanda ya zo daga wata jiha ko wata ƙasa yakan biya ninki biyu ko uku, tallafin da take ba baƙo kuma bai taka kara ya karya ba. Don haka ga yaron da iyayensa ke zaune a Ohayo ko Teksas, jami'ar jiharsu ce sau da yawa ta fi araha. Ga yaron da ke tasowa daga Katsina ko Damagaram, abin da ya fi kama da tsada a takarda yana iya zama shi ne mai arha.

Ka tuna kuma likitancin kansa na nan gaba da nasa nauyin. Waɗanda ke gamawa da bashi a Amurka matsakaicin abin da ake bin su wajen dala 200,000 ne. Idan bambancin makarantu biyu da suka ɗauke ka ya kai dala dubu ashirin ko talatin a shekara, kuma rance za a ci a biya, ni a wurina magana ta ƙare: ɗauki mai sauƙin. Ɗan jiha yana da wata riba ta daban, domin makarantun likitanci na gwamnatin jiha suna fifita nasu. A Teksas doka ce ta ware wa 'yan jihar kashi 90 cikin ɗari na guraben.

Idan takarda ta daidaita, kuɗi ya zo kusa da juna, sai mu shiga aji, inda ainihin bambancin yake. Ko wane fanni ka zaɓa, akwai darussan da makarantun likitanci ke bukata: shekara guda ta bayoloji, shekara biyu ta kemistiri, shekara guda ta fizis, duk da aikin ɗakin gwaji, sai bayokemistiri da ɗan lissafi da Turanci. A babbar jami'a waɗannan darussan ne kowa ke rububi. Kana iya samun kanka cikin mutum ɗari uku ko biyar a zaure guda, farfesa can ƙasa da abin magana a wuyan riga. Wanda zai tsaya da ku a ɗakin gwaji ya kuma duba takardunku ɗalibi ne mai neman digiri na uku, wanda shi ma nasa binciken ke gabansa. A wasu darussan ana auna makinka ne da na 'yan ajinku, wato ba kowa zai samu A ba ko da kowa ya yi ƙoƙari. Ɗalibai kansu suna kiran irin waɗannan darussa na tankaɗe da rairaya, musamman kemistirin oganik, wanda ya raba dubban yara da burin likita. Kuma tsarin AMCAS, wanda ta cikinsa ake neman makarantun, ba ya yafe faɗuwa. Ko ka maimaita darasi ka ci, tsohon makin na nan cikin lissafi.

A ƙaramar kwaleji darasin bai fi sauƙi ba, kada wani ya ruɗe ka. Kemistirin Swarthmore ko na kwalejin Carleton yana da zafi. Sai dai ajin farko na iya zama mutum arba'in ko sittin, na gaba kuma goma sha biyar, kuma farfesan da kansa ke shiga ɗakin gwaji. Idan ka faɗi gwajin farko zai lura, sau da yawa ma shi zai aiko maka da saƙo ya ce ka zo ku zauna.

Wannan "ka zo ku zauna" shi ne abin da nake so in daɗe a kansa, domin ya shafe mu fiye da yadda ya shafi ɗan Ba'amurke. Mun tashi da kunya. An koya mana kada mu kalli babba ido cikin ido, kada mu yi wa malam gardama, kada mu dame shi da tambaya kamar muna gwada iliminsa. Tarbiyya ce mai kyau, ba na fatan mu rabu da ita. Amma a jami'ar Amurka kowane farfesa yana da sa'o'in da yake zama a ofis kowane mako, ƙofa a buɗe, yana jiran ɗalibai, kuma wanda bai zo ba ana ɗauka ba ya bukata. Yaron da ya zauna a layin baya cikin ladabi shekara uku, ranar da ya je neman wasiƙar shaida farfesan zai buɗe kwamfuta ya duba makinsa, ya rubuta layi biyar: ya yi darasina, ya samu A, cikin mutum ɗari huɗu. Masu tantancewa sun karanta dubban irin wannan, sun san wasiƙar wanda bai san yaro ba. Wasiƙar da ke ɗaga mutum ita ce wadda malami zai ce na ga yadda ya yi lokacin da gwajinsa ya lalace sau uku, na ga yadda yake koyar da na ƙasa da shi. Makarantu da yawa suna son biyu daga malaman kimiyya, ɗaya daga wani fanni daban.

Saboda haka ka tambayi kanka, ka kuma amsa tsakaninka da Allah. Kai mai ƙwanƙwasa ƙofa ne? Idan ka aika wa farfesoshi goma saƙo ba wanda ya amsa, za ka aika wa na sha ɗaya? Idan haka kake, babbar jami'a kasuwa ce da ba abin da babu, kuma za ka kwashi rabonka. Idan kuwa ka san kai mai kawaici ne, wanda sai an kira shi yake matsowa, ƙaramar kwaleji za ta yi maka rabin aikin, domin can ba wurin ɓuya. Ra'ayina ke nan, kuma ina ganin yaranmu da yawa, musamman 'yan mata da aka fi tsananta wa wajen kunya, sun fi bunƙasa a inda malami zai san sunansu tun makon farko. Wanda ya zaɓi babbar jami'a duk da haka, ya nemi shiga sashen zaƙaƙuran ɗalibai da yawancinsu ke da shi, inda azuzuwa ƙanana ne kuma ana ba su damar yin rajistar darussa kafin kowa.

A fagen bincike mutane kan ɗauka babbar jami'a ta yi nasara ba gardama. Ta fuskar kayan aiki da yawan fannoni haka ne. Idan kana son ka taɓa binciken sankara ko na ƙwaƙwalwa da na'urorin miliyoyin daloli, Mishigan ko jami'ar UCLA za ka nufa. Sai dai a can kai ne ƙaramin kowa, a bayan masu digiri na uku da waɗanda suka gama, kuma kana iya shekara kana wanke kwalabe kafin a ba ka abin yi na kanka. A kwaleji binciken ƙarami ne, amma farfesa ba shi da wasu hannaye sai naku. Thomas Cech, wanda ya samu kyautar Nobel a kemistiri a 1989, Grinnell ya yi. A shekarar ce kuma Harold Varmus ya samu ta fannin likitanci, shi kuwa adabin Turanci ya karanta a Amherst kafin ya tafi makarantar likitanci ta Kolombiya. Anthony Fauci, wanda duniya ta san fuskarsa lokacin korona, a kwalejin Holy Cross ya yi digirinsa, a fannin tsoffin harsunan Girka da Rum. Jami'ar Xavier ta Luwiziyana a Niyu Olins, mai ɗalibai 'yan dubbai kaɗan, ta daɗe tana cikin na gaba-gaba wajen tura baƙaƙen fata makarantun likitanci. Ɗalibin kwaleji yakan cike gibin kayan aiki da zuwa babbar jami'a bincike a hutun bazara, amma baƙo ya lura: shirye-shiryen da gwamnatin tarayya ke biya galibi na 'yan ƙasa ne da masu girin kad, don haka ya tambayi ko kwalejin tana da nata kuɗin na binciken hutu.

Inda babbar jami'a ta yi zarra da gaske shi ne asibiti. Ana so a ga ka bi likita kana kallon aikinsa, ka yi aikin sa kai a ɗakin marasa lafiya, ka san warin asibiti kafin ka ce shi kake so. Idan asibitin koyarwa na tsallaken titi, kana iya zuwa tsakanin lakca da lakca, ko da yake ɗaruruwa irinka na layi. Garin Grinnell mutanensa wajen dubu tara ne, asibitinsa ƙarami, kuma ba mota ba zuwa ko'ina. Ba duk kwalejoji ne a ƙauye ba: Macalester tana cikin birnin Sen Pol, Swarthmore da Haverford jirgin ƙasa na kai su tsakiyar Filadalfiya cikin kusan rabin awa, Holy Cross gari ɗaya take da makarantar likitancin jihar Masacuset. Buɗe taswira ka auna nisan da idonka. Mai bizar ɗalibi kuma ya sani cewa aikin albashi awa 20 ne kawai a mako a lokacin karatu, a cikin makaranta, aikin waje sai da izini na musamman.

Akwai tarko guda da ke kama iyaye. Makaranta za ta rubuta cewa kashi tamanin ko casa'in na ɗalibanta masu neman likitanci suna samun shiga. Tambayi yadda aka ƙirga. Makarantu da yawa suna da kwamitin da ke rubuta wa ɗalibi wasiƙa guda a madadin makaranta, kuma wasu ba sa rubuta wa wanda makinsa bai kai wani mizani ba. Idan an cire masu rauni tun kafin ƙirge, dole adadin ya yi kyau. Rubuta wa ofishin da ke ba masu niyyar likitanci shawara, ka tambaye su ko suna hana wani wasiƙa, mutum nawa suka fara da niyyar a shekarar farko, nawa suka kai ga nema, kuma cikin shekara biyar da suka wuce baƙi nawa suka samu shiga. Yadda suka amsa, da saurin amsar, shi ma labari ne. Kowace makaranta kusan tana wallafa wata takardar alƙaluma mai suna Common Data Set, inda za ka ga yawan azuzuwa masu ƙasa da mutum ashirin da masu sama da hamsin, da yawan tallafin da ake ba baƙi.

Kada ka raina maganar rayuwa. Yaron da kaɗaici ya kama ba ya cin kemistiri. A An Abo akwai masallatai da naman halal, ga garin Diyabon mai tarin Larabawa ba nisa. A Miniyapolis da Kolombus akwai Somaliyawa da yawa. A ƙaramin gari kana iya zama ɗaya cikin Musulmi ashirin, Juma'a a wani ɗaki da makaranta ta ware, sahur kai kaɗai, ga dusar ƙanƙara wata huɗu. Wani wannan ke ƙara masa natsuwa, wani kuma karya shi yake yi. Nemi shugaban ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko ta 'yan Afirka ka tambaye shi yadda azumin bara ya kasance.

Sannan ka bar wa zuciyarka ƙofar fita, domin da yawa daga masu shiga da niyyar likita kan sauya ra'ayi. Babbar jami'a tana da aikin jinya da haɗa magunguna da lafiyar al'umma da injiniyanci, duk a gida ɗaya. Kwaleji galibi ba ta da waɗannan, sai tushen ilimi kamar tattalin arziki da kwamfuta da lissafi. Ga baƙo, digirin kimiyya yana ba da izinin aiki na wata 12 bayan gamawa, da ƙarin wata 24, abin da ke da amfani tunda mafi yawan masu shiga likitanci yanzu sai sun yi shekara ɗaya ko biyu suna aiki kafin su shiga.

Amsoshin makarantu kan iso a ƙarshen Maris, kuma ana so ka ba da taka kafin 1 ga Mayu. Wata guda ke nan a hannunka. Idan kana Amurka, je ka zauna a ajin kemistirin shekarar farko na kowace, ba ajin da masu yawon nuna makaranta za su kai ka ba, ka tsaya bayan an tashi ka ga ko ɗalibai na zuwa wurin malamin. Idan kana gida, cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas suna taimakawa wajen karanta takardun tallafi, waɗanda kan cakuɗa kyauta da rance da aikin makaranta a shafi guda kamar duk abu ɗaya ne. Ware su, ka lissafa abin da zai fita daga aljihun mahaifinka kowace shekara har huɗu, haɗe da tikitin jirgi da inshorar lafiya da rigunan sanyi. Sannan ka roƙi kowace makaranta ta haɗa ka da ɗalibi ɗaya ɗan aji uku mai niyyar likitanci, ka tambaye shi farfesoshi nawa ne za su gane shi idan sun haɗu a hanya.